Tsoron Gurguzu da Taswirar Ba'amurke: Sharhi a kan Littafin The Quiet American

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin an ba da fili a mujallar ƙungiyar Hausa don sharhin littafin da Bature ya rubuta da Turanci, a kan wata ƙasa da ke can ƙuryar gabashin duniya. Ran da na kawo maganar a taronmu, wani abokina ya ce da ni, "Kai malam, mu da ba mu gama da namu littattafan ba, ina mu ina Biyetnam?" Amsar da na ba shi ita ce, ma'aunin da malamanmu suka koya mana na jigo da zubi da salo da taurari, in dai mudu ne na kirki, ya kamata ya auna baƙon hatsi kamar yadda yake auna na gida. Har wa yau kuma, abin da littafin ke magana a kansa, watau yadda tsoron yaɗuwar gurguzu ya riƙa juya manufar manyan ƙasashe game da ƙananan, bai tsaya a Asiya ba, mu ma nan Afirka iskarsa ta kaɗo mu.

Marubucin shi ne Graham Greene, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1991. Ya je Biyetnam sau da dama a farkon shekarun 1950 yana aika wa jaridu labari, sa'ad da Faransa ke fafatawa da mayaƙan Viet Minh na Ho Chi Minh don ta riƙe mulkin mallakarta. Littafin ya fito a 1955. In za a juya sunansa zuwa Hausa sai a ce Ba'amurke Shiru-Shiru.

Kafin in shiga cikin labarin sai na ɗan yi shimfiɗa, don wanda bai san asalin tsoron nan ba, ba zai gane tauraron littafin ba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka yi taron dangi a kan Jamus, suka koma kallon hadarin kaji. A watan Maris na 1947 Shugaba Truman ya roƙi majalisar ƙasarsa dala miliyan 400 don a tallafi Girka da Turkiyya, bisa hujjar cewa in Girka ta faɗa hannun 'yan gurguzu, watau 'yan kwaminis, to maƙwabtanta ma ba za su tsira ba. A 1949 Mao ya karɓe mulkin ƙasar Sin, a shekarar ce kuma Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko. A watan Yuni na 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Mutanen Washinton suka dubi taswira suka ga ja yana ta cin ƙasa, hankalinsu ya tashi.

Wanda ya raɗa wa tsoron suna shi ne Shugaba Eisenhower, a wani taron 'yan jarida ranar 7 ga Afrilu 1954. Ya kawo misali da domino, wasu 'yan ƙananan katakai ne masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya da Turawa ke wasa da su. In aka jera su a tsaye kusa da kusa, kamar yadda magini kan jera bulo, aka ture na farko, sai ya buge na biyu, na biyu ya buge na uku, har na ƙarshe ya kwanta. Ya ce haka ƙasashe suke. In Biyetnam da Lawos da Kambodiya suka tafi, sai Burma da Tailan da Malaya da Indunisiya su bi, daga nan barazana ta kai ga Japan da Filifin har Ostireliya. Bai kuma ɓoye cewa akwai kuza da roba a yankin ba. A lokacin da yake wannan magana Amurka ce ke biyan kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin da Faransa ke yi. Wata ɗaya daidai bayan haka, ranar 7 ga Mayu, sansanin Faransa na Dien Bien Phu ya faɗi.

Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da a nan ra'ayin domino ya tsaya, da ba mai ganin laifinsa. To, amma shi cewa ya yi, duk inda aka hangi hayaƙi a duniya sai ka niƙi gari ka tafi can da sojojinka, ko mai gidan ya kira ka ko bai kira ka ba, ko wutar girki ce ya hura. Babban aibin misalin kuwa yana cikin katakan su kansu. Katakon domino ba shi da tarihi, ba ya ƙin maƙwabcinsa, ba ya son komai. Ita kuwa Biyetnam ta yi shekara wajen dubu a ƙarƙashin mulkin Sin kafin ta ƙwaci kanta, ba ta kuma manta ba. Shi Ho Chi Minh ɗan kwaminis ne na gaske, ba a musun wannan, amma ran da ya yi shelar 'yancin ƙasarsa a Hanoi, 2 ga Satumba 1945, da kalmomin takardar 'yancin Amurka ya buɗe jawabinsa, ya kuma aika wa Truman wasiƙu yana neman taimako, ba a ba shi amsa ba.

To, wannan ra'ayi shi Greene ya ɗauko ya sa masa riga da wando da takalmi, ya kira shi Alden Pyle.

Labarin a taƙaice shi ne. Thomas Fowler ɗan jaridar Ingila ne, dattijo, wanda ya daɗe a Saigon, mashayin banjo na ofiyam, yana zaune da wata yarinya 'yar ƙasar mai suna Phuong, alhali yana da mata a Ingila wadda ta ƙi yarda a raba auren saboda addininta. Sai ga Pyle ya iso, saurayi mutumin Boston, ɗan furofesa, wai ma'aikacin ofishin ba da agajin tattalin arziki ne, amma a ɓoye aikin asiri yake yi. Ya ga Phuong ya ce yana so, kuma da aure. A gefe guda yana neman wani Ɓangare na Uku, wanda ba na Faransa ba ne, ba kuma na kwaminis ba, da za a ɗora a kan ƙasar. Ya sami wani madugun 'yan bindiga, Janar Thé, ya ba shi kayan haɗa bam. Bam ya tashi a tsakiyar Saigon ya kashe mata da yara, aka ɗora laifin a kan 'yan kwaminis. Daga nan Fowler, wanda kullum yake tutiyar cewa shi ɗan rahoto ne ba ruwansa da kowa, ya haɗa baki da mutanen Viet Minh aka yi wa Pyle tarko aka kashe shi. Phuong ta koma ɗakin Fowler, matarsa kuma ta aiko da waya ta yarda da saki.

Game da zubi, marubucin bai bi labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Da mutuwar Pyle ya buɗe, an tsinci gawarsa a ƙarƙashin wata gada, wani ɗan sandan Faransa mai suna Vigot yana yi wa Fowler tambayoyi. Sauran duk waiwaye ne daga bakin Fowler. Mu ɗaliban Hausa wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a littafin Shaihu Umar ma tauraron ne ke zaune yana ba almajiransa labarin abin da ya wuce. Bambancin shi ne, Shaihu Umar malami ne da ba mu da dalilin zargin sa da ƙarya, shi kuwa Fowler da hannunsa a cikin jinin mutumin da yake ba mu labarinsa, ga kuma kishi a tsakaninsu. Saboda haka duk abin da ya gaya mana a kan Pyle sai mu sa masa ayar tambaya. Na lura masu karatu da yawa kan manta da wannan, su ɗauki bakin Fowler a matsayin bakin gaskiya. Zan komo kan wannan.

Inda Greene ya nuna gwaninta ƙwarai shi ne wajen ginin Pyle. Bai yi shi mugu ba. Da ya yi shi azzalumi mai jan ido, da littafin ya zama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kowa ya san wanda zai ƙi tun daga shafin farko. Pyle mai ladabi ne, ba ya shaye-shayen banza, ba ya bin mata, yana jin kunyar yadda sauran Amurkawa ke hayaniya a mashaya. Har kwalekwale ya tuƙa shi kaɗai cikin dare ya shiga garin Phat Diem ana tsakiyar yaƙi, don kawai ya gaya wa Fowler baki da baki cewa yana son Phuong, kada a ce ya ci amana. Daga baya ma shi ya ceci ran Fowler. Ciwonsa ɗaya ne, ya karanta littattafan wani masani da Greene ya ƙirƙira mai suna York Harding, ya haddace su, ya zo Biyetnam da amsa a aljihu tun kafin ya ji tambaya. Shi Harding ɗin kuwa, in ji Fowler, ɗan leƙe kawai ya taɓa yi wa ƙasar ya wuce. Duk abin da Pyle ya gani da idonsa, in ya saɓa wa littafin, to idon ne ya yi kuskure.

A nan, in faɗi gaskiya, jikina ya yi sanyi, don na ga kaina. Ni ma akwai zangon da na karanta littafi ɗaya tak a kan mazahabar nazarin adabi, na wayi gari ina auna kowace waƙa da kowane labari da shi, har wani malaminmu ya mayar mini da takardata ya rubuta a gefe cewa in fara karanta waƙar tukuna. Bambancina da Pyle shi ne ni maki na rasa, shi kuwa akwai ƙasa mai ƙarfi a bayansa da akwatunan kayan fashewa.

Wurin da wannan hali ya fito fili sosai shi ne bayan tashin bam. Greene bai cika mu da ihu da kururuwa ba, salonsa a nan a bushe yake kamar rahoton jarida, shi ya sa ma ya fi ciwo. Ya nuna mana wata mata zaune a ƙasa da abin da ya rage na jaririnta a cinya, ta rufe shi da malfarta saboda kunya. Sa'an nan ya juyo da mu ga Pyle, wanda ya dubi takalminsa ya ga wani abu ya ɓata shi, bai ma gane jini ba ne sai da aka gaya masa, abin da ya fara zuwa masa a rai kuwa shi ne ya goge takalmin kafin ya je gaban jakadansu. Hujjarsa ita ce faretin soja aka nufa, sai aka ɗage faretin ba a sanar da shi ba. Ya kuma riga ya gargaɗi Phuong kada ta je wajen a wannan safiya. Watau ya san bam na kisa, amma mutum ɗaya kaɗai ya iya gani a matsayin mutum, sauran duk lissafi ne a hanyar tare gurguzu. Wannan fage ba ƙagen banza ba ne. An yi Janar Thé da gaske, sunansa Trinh Minh Thé, an kuma tayar da bam a tsakiyar Saigon a watan Janairu na 1952.

Amma a ganina zuciyar littafin tana wani wuri dabam, kuma a can ne ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu. Fowler da Pyle suna komowa daga bikin mabiya addinin Cao Dai a garin Tay Ninh, sai mai ya ƙare musu a hanya, dare ya yi, suka hau wata hasumiyar tsaro a tsakiyar gonakin shinkafa. A ciki akwai sojoji biyu 'yan Biyetnam da ke yi wa Faransa gadi, yara ne, tsoro ya cika su. Nan Turawan biyu suka kwana suna gardama. Pyle ya fara jero karatunsa, cewa in wannan ƙasa ta tafi sauran za su bi. Fowler ya tare shi ya ƙarasa masa jerin ƙasashen da kansa, don ya sha jin sa, sa'an nan ya nemi a gaya masa mene ne ma'anar ƙasa ta tafi, ina za ta? Wannan tambaya ta yi mini daɗi ainun, domin ta kama ra'ayin domino a maƙogwaro. Ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Manomi na nan, baunarsa na nan, gonarsa na nan. Mai cewa ta tafi, abin da yake nufi shi ne ta fita daga hannunsa, wanda ke nuna tun farko yana ganin tasa ce.

Zuwa nan ina tare da Fowler. Inda muka rabu shi ne da ya ci gaba ya ce shi ya san abin da talakan Biyetnam ke so: ya ƙoshi da shinkafa, kada a harbe shi, gobe ta zama kamar yau, tunanin 'yanci da dimokuraɗiyya kuwa ba na mai kwana a bukka ba ne. Don ya tabbatar da maganarsa sai ya jefa wa sojojin nan biyu tambaya da Faransanci a kan ma'anar 'yanci. Suka dube shi, suka ci gaba da cin shinkafarsu, ba su ce uffan ba. Fowler ya ɗauki shirun nan ya mai da shi shaida.

Haba jama'a! Yaro ɗan ƙauye, da tsakar dare, ga baƙi biyu farare sun hawo masa, zuwansu kaɗai ya isa ya jawo masa hari, an yi masa tambaya da harshen mai mulkinsa, me ake so ya ce? Shiru ma magana ce, amma ba lalle ta zama wadda mai tambaya ya fassara ba. In da gaske shinkafa kaɗai talakan ƙasar ke so, su wa suka ja manyan bindigogi da igiya zuwa kan duwatsun Dien Bien Phu, su wa suka yi ta tura kekuna ɗauke da buhuna ta cikin daji, dubu bisa dubu, har aka ci sansanin? Pyle ya ce ba sa son gurguzu, Fowler ya ce ba sa son komai sai abinci, kowannensu ya ari bakin mutanen ya ci musu albasa. Ƙarshen daren kuwa, Viet Minh suka harbo hasumiyar, Turawan biyu suka tsira cikin ruwan gona, Fowler da karayar ƙafa Pyle na ɗauke da shi, ɗaya daga cikin yaran kuma ya yi ta kuka cikin duhu har ya mutu. Kukan nan shi ne kusan duk abin da muka ji daga bakinsa.

Wani zai ce ai da gangan Greene ya yi haka, don ya tona asirin Fowler shi ma. Na yarda akwai alamar haka, tun da Fowler da kansa ya amsa cewa zuwansu ne ya jawo wa yaran mutuwa. Sai dai in haka ne, da mun sami wani ɗan ƙasa a wani wuri cikin littafin wanda zai buɗe baki ya faɗi nasa. Mafi kusa da haka shi ne Heng, mutumin Viet Minh wanda ya gaya wa Fowler cewa ba a zama ɗan ba-ruwana har abada, shi ma kuwa fitowarsa kaɗan ce, aikinsa ya tura labari gaba. Phuong fa? Ita ce aka fi cuta. Tana haɗa wa Fowler lofensa, tana duba hotunan gidan sarautar Ingila, yayarta na cinikin aurenta, ta koma wajen Pyle, ya mutu, ta komo. Manazarta sukan ce ita ce Biyetnam, Fowler tsohuwar Turai, Pyle sabuwar Amurka. To, in haka ne, marubucin da ya tashi sukar masu mai da ƙasa katako ya ɗauki mace ya mai da ita katakon.

Akwai kuma wani rashin adalci da aka yi wa Pyle. Greene ya ɗaure masa hannu sa'an nan ya tura shi dambe. A duk gardamar da suka yi Fowler ne mai kaifin baki, Pyle sai in-ina da haddar littafi. Alhali akwai gaskiya a wani sashe na tsoronsa. Da ya ce in 'yan kwaminis suka ci za a hana mutane faɗin ra'ayinsu, ai an hana. Bayan 1975 an tsare mutane masu yawan gaske a sansanonin da aka kira na gyaran tunani, dubban ɗaruruwa suka tsere ta teku cikin ƙananan jirage, da yawa suka nitse. A Kambodiya gwamnatin Khmer Rouge ta Pol Pot ta hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi tsakanin 1975 da 1979. Lee Kuan Yew na Singafo ya sha faɗin cewa tsayawar Amurka a Biyetnam ce ta ba ƙasashen yankin sararin da suka ginu. Ban ce na yarda da shi ba, amma magana ce da ta cancanci a ba ta bakin da ya fi na Pyle.

Duk da haka, in aka ɗora littafin a sikelin abin da ya faru bayansa, sai a ga Greene ya hango nesa. Yarjejeniyar Janiba ta Yuli 1954 ta raba Biyetnam gida biyu na wucin gadi, da sharaɗin a yi zaɓe a 1956. Ba a yi ba. Eisenhower da kansa ya rubuta daga baya cewa masana sun gaya masa da an yi zaɓe lokacin yaƙin, mai yiwuwa kashi 80 cikin 100 su zaɓi Ho Chi Minh. Amurka ta sami Ɓangarenta na Uku a jikin Ngo Dinh Diem, ta ɗora shi a Kudu, a watan Nuwamba 1963 kuma sojojinsa suka hamɓarar da shi suka kashe shi, da sanin Amurka game da juyin mulkin. A watan Maris 1965 sojojin ƙasa na Amurka suka sauka a Da Nang, zuwa 1968 sun haura dubu 500. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Amurkawa kimanin dubu 58 suka mutu, 'yan Biyetnam kuwa, bisa ƙidayar da gwamnatinsu ta bayar a 1995, kimanin miliyan 3.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki yana cikin takardun asirin ma'aikatar tsaron Amurka da jaridu suka fallasa a 1971. A cikinsu akwai wata takarda ta watan Maris 1965 da John McNaughton, mataimaki a ma'aikatar, ya rubuta yana kasafta dalilan yaƙin. Ya ba gudun kunyar shan kaye kashi 70, hana ƙasar faɗawa hannun Sin kashi 20, kyautata rayuwar mutanen Biyetnam ta Kudu kashi 10. Watau tun a shekarar da aka fara sauke sojoji, su na ciki sun san maganar katakai ta koma maganar kare mutunci. Wannan kuwa shi ne abin da littafin bai kama ba. Pyle ya gaskata abin da yake faɗi har zuciyarsa. Manyan da suka zo bayansa ba duka ne suke da wannan uzuri ba. Shi ma Robert McNamara, sakataren tsaro na lokacin, sai a 1995 ya fito a littafinsa ya amsa cewa sun yi kuskure babba.

Katakan fa, sun faɗi? A 1975 uku suka faɗi: Kambodiya da Biyetnam ta Kudu a watan Afrilu, Lawos a Disamba, kuma dukansu ƙasashe ne da yaƙin ya riga ya ragargaza da bama-bamai. Tailan da Maleshiya da Singafo da Filifin suna nan a tsaye. A Indunisiya ma kisan ƙare dangi aka yi wa 'yan kwaminis da waɗanda aka zarga a 1965 da 1966, mutum aƙalla dubu 500, wanda shi ma ɗan wannan tsoro ne. Sai kuma ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. A watan Disamba 1978 Biyetnam ta kwaminis ta auka wa Kambodiya ta kwaminis ta kori Pol Pot, a Fabrairu 1979 Sin ta kwaminis ta auka wa Biyetnam. Tsohuwar gabar shekara dubu ta fi ƙarfin jar tuta. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje, a 1995 Amurka da Biyetnam suka ƙulla hulɗar jakadanci, alhali jam'iyyar kwaminis ce ke mulki a Hanoi.

Na ce iskar ta kaɗo mu. Da wannan ido aka dubi Patrice Lumumba na Kwango, wanda aka kashe a watan Janairu 1961. Da shi aka dubi Angola a 1975, inda Sobiyet da Kyuba suka goyi bayan MPLA, Amurka da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata suka goyi bayan abokan gabarta. Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba na shekarar. Shugaba Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda ya kamata su tsaya, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta buga wasiƙar a jaridu, shi kuma ya je taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a watan Janairu 1976 ya mayar da martani mai zafi. Da na karanta labarin wannan taro sai na tuna da hasumiyar nan, na ce ga wurin da mai gadi ya ajiye kwanon shinkafa ya ba da amsa.

Amurkawa da yawa ba su ji daɗin littafin ba da ya isa ƙasarsu a 1956, masu sharhi suka ce ƙiyayya ce kawai ta tsohon ɗan mulkin mallaka da ke baƙin cikin an karɓe masa fage. Da aka mai da shi fim a 1958, darekta Joseph Mankiewicz ya juya labarin ya kifa shi: Ba'amurken ya zama mai gaskiya wanda ba ruwansa da bam, 'yan kwaminis ne suka tayar, Fowler kuma wawan da suka yaudara. Greene ya yi tir da fim ɗin. Sai a 2002 aka fito da wani, wanda Michael Caine ya fito a Fowler, da ya bi littafin sosai, shi ma sai da aka jinkirta sakinsa saboda harin 11 ga Satumba 2001.

Ga ɗan'uwa ɗalibi mai niyyar karantawa, Turancin littafin ba mai wuya ba ne, jimlolinsa gajeru ne, ba shi da kauri, kwana uku sun isa. Shawarata ita ce ya karanta babin hasumiya sau biyu, a karo na biyu ya bar Turawan da surutunsu ya zuba wa yaran nan biyu ido. In ya gama sai ya nemi littafin Bao Ninh mai suna The Sorrow of War, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Shi Bao Ninh sojan Biyetnam ta Arewa ne da ya yi yaƙin da Amurka tun yana saurayi, ya kuma rubuta da harshensa. Abokin nan nawa da ya ce ina mu ina Biyetnam, a hannunsa nawa kwafin yake yanzu, mako na uku ke nan ina bin sa bai dawo mini da shi ba.